Flannel, Calico ko Cilium: Wanne Za Ka Ɗora wa Gungun Kubernetes Ɗinka a Akra?

Wani ƙanena a sana'armu ta kula da sabobi, ɗan Aboabo ta Kumasi da aiki ya kawo shi Akra, ya same ni a Nima bayan sallar isha'i muna shan ataya. Kamfaninsu ƙarami ne, suna karɓar kuɗin abokan ciniki ta MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, kuma sun sayi sabobi uku na hannu sun ajiye a wata cibiyar adana bayanai. Ya girka Kubernetes, tsarin da ke haɗa sabobi su zama gungu ɗaya mai gudanar da manhajoji, ta hanyar kubeadm mai girka shi, sai na'urorin duka suka tsaya a kan NotReady, wato ba su shirya aiki ba, CoreDNS mai fassara sunaye zuwa adireshi kuma ya ƙi tashi. Ya ce, "Yaya, an ce sai na zaɓi CNI. Wannan ya ce Flannel, wancan ya ce Calico, na intanet kuma kowa Cilium yake kira. Wanne ne na gaskiya?"

Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, ba ya shimfiɗa wa kwantena, wato ƙunshin da kowace manhaja ke gudana a ciki, hanyar sadarwa da kansa. Sharaɗi kawai ya kafa: kowane fod, wato kwantena ɗaya ko 'yan kaɗan da ke aiki tare, ya sami adireshin IP nasa, kuma ya iya kaiwa ga kowane fod a cikin gungun ba tare da an sauya masa adireshi a hanya ba. Wanda zai cika wannan sharaɗi shi ne manhajar CNI da ka zaɓa, wato mai shimfiɗa hanyar sadarwa tsakanin fod da fod. Abin da ya sa nake ɗaukar zaɓin da nauyi shi ne, sauya shi bayan aiki ya kankama kamar sauya tubalin gini ne mutane na kwana a ciki.

Ma'aunan da nake dubawa

Na farko kuɗi. Ukun duka kyauta ne, ba lasisin da za ka saya. Amma kowannensu yana ajiye wakili a kan kowace na'ura, wakilin kuma yana cin ram da ƙarfin injin. Mu da muke samu da sidi muna biyan hayar saba da dala, megabayit ɗari biyu a kan na'ura mai gigabayit biyu ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da ya fi wannan shi ne lokacin da injiniya zai ɓatar kafin ya iya.

Na biyu tsaro, wato ko manhajar tana aiwatar da NetworkPolicy, dokar da ke cewa wane fod ne zai yi magana da wane. Duk mai taɓa kuɗin jama'a a Gana yana ƙarƙashin idon Babban Bankin ƙasa, wanda ya fitar da umarninsa kan tsaron intanet a 2018, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Ranar da masu bincike suka zo, za su tambaye ka abin da ya hana shafin talla isa ga rumbun bayanan abokan ciniki.

Na uku, kuma a wurina shi ne babba: sauƙin gano matsala da ƙarfe biyun dare. Wa ke riƙe da wayar diyuti? Me ya iya? Idan mutum ɗaya ne kaɗai ya fahimci tsarin, ranar da ya tafi Tamale biki ko jana'iza, kamfanin ya shiga uku.

Na huɗu ɗorewar aikin kansa. Wani CNI mai suna Weave Net ya taɓa zama zaɓin mutane da yawa. Kamfanin da ke bayansa, Weaveworks, ya rufe a farkon 2024, waɗanda suka dogara da shi kuma dole suka yi ƙaura ba shiri. Na biyar shi ne abin da ke hannunka: tsufan kanel, wato zuciyar tsarin Linux, irin suwic da rauta, da yadda tsarin ke farfaɗowa idan dumso, ɗaukewar wuta, ya zo janareta bai kama a kan lokaci ba.

Flannel

CoreOS ne ya samar da shi a 2014, kuma aiki ɗaya ya iya. Yana ɗaukar babban fili na adireshi, yawanci 10.244.0.0/16, ya yanka wa kowace na'ura /24. Idan fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, zai tafi wata na'ura, sai ya sa shi cikin ambulan na VXLAN ya aika ta ƙofar UDP 8472. In na'urorinka duka suna kan suwic ɗaya, kana iya juya shi zuwa host-gw, ya daina amfani da ambulan, ya rubuta hanyoyi kai tsaye. Ya fi sauri, ya fi sauƙin bibiya. Yana kuma iya rufe zirga-zirga tsakanin na'urori da WireGuard.

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai shi arha. Wakilinsa ɗan ƙarami ne, gomman megabayit suka ishe shi, kuma duk wanda ya san `ip route` da `tcpdump` zai fahimce shi cikin yini guda. Ya daɗe, ya zauna, ba ya yawan sauya hali daga wannan fitowa zuwa waccan.

Haɗarinsa guda ɗaya ne, amma babba: Flannel ba ya aiwatar da NetworkPolicy. Matsalar ba rashin ba ce kaɗai, shirun ne. Za ka rubuta dokarka, ka miƙa wa Kubernetes, ya karɓa ya ce an ƙirƙira, ka duba da `kubectl get networkpolicy` ka gan ta a jere, alhali ba abin da take tarewa. Na taɓa gadar wani gungu mai dokoki sama da ashirin, an rubuta su da kyau, an nuna wa shugabanni a matsayin shaidar tsaro. Da na shiga cikin fod ɗin shafin gaba na ƙwanƙwasa ƙofar 5432 ta PostgreSQL, sai ta buɗe. Wata da watanni ke nan ana kwana a kan haka. Tun ranar ba na yarda da doka sai na gwada keta ta da hannuna.

Hanyar fita biyu ce. K3s, wani ƙaramin nau'in Kubernetes, yana zuwa da Flannel, amma ya haɗa da nasa ɗan mai aiwatar da doka da aka ɗauko daga kube-router, don haka a can dokokin suna aiki. Ko kuma a yi Canal, wato Flannel ya riƙe hanya, Calico ya riƙe doka. Canal ɗin ne RKE2, wani nau'in Kubernetes, ke girkawa in ba ka ce komai ba.

Calico

Calico, wanda kamfanin Tigera ke kula da shi, yana kallon kowace na'ura a matsayin rauta. Wakilinsa Felix ke rubuta dokoki cikin iptables, katangar tsaron Linux, shi kuma BIRD yana shelanta hanyoyi ta BGP a ƙofar TCP 179, yarjejeniyar da manyan kamfanonin intanet ke musayar hanyoyi da ita. Adireshi yana raba su ne ƙulli-ƙulli, sittin da huɗu a kowane ƙulli. Idan suwic ɗinka ya iya BGP, fakiti zai tafi tsirara, ba ambulan, kuma injiniyan netwok na cibiyar zai ga adireshin fod a teburinsa kamar na kowace na'ura. In bai iya ba, akwai IP-in-IP mai ƙarin bayit 20, akwai VXLAN mai ƙarin bayit 50, kuma ana iya cewa a sa ambulan kawai idan za a tsallaka zuwa wani yanki.

Abin da ya sa nake yawan karkata gare shi a nan gida shi ne irin mutanen da muke da su. Yawancin injiniyoyin da na sani a Akra da Kumasi ta ƙofar netwok suka shigo: sun yi jarrabawar netwok ta CCNA, sun ja waya a ofisoshi, sun kwana a kan rautocin MikroTik. BGP da iptables ba baƙinsu ba ne. Idan abu ya lalace, `calicoctl node status` zai nuna maƙwabcin da ya yanke, `iptables-save` zai nuna dokar da ta jefar da fakiti. Wannan ilimi ne da ke cikin gari, kana iya kiran aboki ya taimaka.

Wajen tsaro yana aiwatar da NetworkPolicy cikakke, ya ƙara da nasa GlobalNetworkPolicy mai rufe gungu baki ɗaya, har da kare na'urar kanta, ba fod kaɗai ba. Yana aiki a kan na'urorin Windows, abin da ke da amfani ga masu tsofaffin manhajojin .NET. Tun 2020 yana da zaɓin eBPF, fasahar gudanar da ƙananan manhajoji cikin kanel, ga mai son barin iptables, fitowa ta 3.30 kuma ta kawo Whisker, allon kallon zirga-zirga. Amma dokar da ke aiki da sunan shafi maimakon adireshin IP tana cikin nau'insa na kuɗi ne, wanda ake ciniki da dala.

Haɗarinsa yawan zaɓi ne. Mai gaggawa yakan kwafi fayil daga intanet bai san ko IP-in-IP ya kunna ko VXLAN ba, katangar tsaron cibiyar kuma ta tare ɗaya daga ciki. Sannan filin adireshin da ke cikin misalansa 192.168.0.0/16 ne, daidai da wanda kusan kowane ofis da kowace rautar gida ke amfani da shi. Ka bar shi haka, ranar da ka haɗa VPN na ofis sai fakiti su rasa gida. Idan na'urori sun doshi ɗari, dole ka bar tsarin kowa-ya-gaisa-da-kowa, inda kowace na'ura ke musayar hanyoyi da dukan saura, ka naɗa 'yan na'urori masu rarraba hanya, ka kuma tabbatar Typha, ɗan tsakaninsa, na tsaye don rage wa uwar gungu nauyi. Kaɗan ne cikinmu suka kai wannan girma.

Cilium

Shi ne ƙarami a shekaru kuma shi ne ake yayi. Isovalent ne ya gina shi, ya kai matakin kammalawa a CNCF, gidauniyar da ke riƙe da Kubernetes, a watan Oktoba na 2023, Cisco kuma ya sayi kamfanin a 2024. Google ya gina Dataplane V2, hanyar sadarwar Kubernetes ɗinsa na haya mai suna GKE, a kansa, Microsoft ma yana ba da shi a nasa, AKS. Batun ko zai ɗore ba abin damuwa ba ne.

Bambancinsa daga tushe yake. Maimakon jera dokoki a iptables, yana loda ƙananan manhajoji na eBPF cikin kanel ɗin kansa. Kube-proxy na gargajiya, mai kai fakiti ga hidimomin gungu, yana bin dokokin iptables ɗaya bayan ɗaya, don haka idan hidimomi suka kai dubbai sai nauyi ya bayyana. Cilium na iya maye gurbinsa gaba ɗaya da tebur mai nemo amsa kai tsaye. Dokokinsa kuma ba da adireshi suke gane fod ba, da lambar shaida da aka ciro daga alamominsa, shi ya sa mutuwar fod da haihuwar wani ba ta rikita shi.

Abubuwa biyu nake ganin sun cancanci wahalarsa. Na ɗaya Hubble, kayansa na kallon zirga-zirga. Ka rubuta `hubble observe --verdict DROPPED`, nan take ka ga wane fod ya nemi wane, ta wace ƙofa, da dalilin jefar da fakitin. Aikin da kan ci awa biyu da tcpdump yakan koma minti biyar. Na biyu dokar sunan shafi, kyauta. Ga kamfanin ƙanena wannan ba ado ba ne: yana iya cewa fod ɗin biyan kuɗi ba zai fita waje ba sai zuwa sunan ƙofar kamfanin MoMo kaɗai, ko da adireshin IP na can ya sauya. Idan ɓarawo ya shiga fod ɗin, ba shi da ta inda zai fitar da kaya. Akwai kuma doka a matakin HTTP ta hanyar Envoy, da Cluster Mesh mai haɗa gungu biyu, da hanyar ba hidimomi adireshin waje a kan sabobinka ba tare da MetalLB ba.

Farashinsa fa? Wakilinsa ya fi na sauran nauyi, ɗaruruwan megabayit yake nema, in ka kunna Hubble da Envoy ya ƙaru. Yana son sabon kanel: fitowarsa ta baya-bayan nan 5.10 ko sama take buƙata. Ubuntu 22.04 mai 5.15 da 24.04 mai 6.8 sun wadatar, amma tsohuwar sabar da ke kan CentOS 7 mai kanel 3.10, wanda tallafinsa ya ƙare a ƙarshen Yunin 2024, sai an sake mata tsari tukuna. Linux kaɗai yake yi. Filin adireshinsa na asali 10.0.0.0/8 ne, ya haɗiye duk gidan goma, in sabobinka na cikin wannan gida rikici ya tabbata tun ranar farko.

Babban haɗarin shi ne ranar da Hubble bai ba da amsa ba. A nan ilimin iptables ba zai cece ka ba, domin fakitin bai bi ta can ba. Sai ka iya karanta teburan eBPF da `cilium-dbg`. Masu wannan ilimi ba su da yawa a garin nan tukuna. Kuma dokar sunan shafi tana bi ne ta cikin wakilin, don haka yayin da yake sake tashi tambayoyin DNS na fod ɗin da abin ya shafa suna iya tsaikowa. Sabunta shi yana son karatu, mataki-mataki, ba tsallake.

Abin da ke cizon kowa: MTU

Ko wanne ka ɗauka, wannan na jiranka. MTU shi ne iyakar girman fakitin da hanya ke ɗauka, kuma wayar netwok ta yau da kullum tana ɗaukar mai bayit 1500. VXLAN ya ci 50, saura 1450. WireGuard yana cin 60. Idan kuma akwai VPN tsakanin Akra da Kumasi, shi ma zai ci rabonsa. Mun taɓa shafe kwana uku a kan wata matsala: shiga da kalmar sirri na aiki, duba ragowar kuɗi na aiki, amma sauke rahoton wata sai ya rataye har lokaci ya ƙare. Ƙananan fakiti na wucewa, manya na mutuwa a bakin VPN, katangar tsaro kuma ta toshe saƙon ICMP da zai faɗa wa mai aikawa ya rage girma. Gwajin da ya tona asirin layi ɗaya ne: `ping -M do -s 1422` daga fod zuwa fod na ɗaya gefen. In bai wuce ba, ka yi ta rage lambar har ta wuce, ka ƙara 28 na kan fakitin, abin da ya fito shi ne MTU ɗin da CNI ɗinka zai ba fod.

| Ma'auni | Flannel | Calico | Cilium |
|---|---|---|---|
| Lasisi | Kyauta | Kyauta, akwai na kuɗi | Kyauta, akwai na kuɗi |
| Cin ram | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| NetworkPolicy | Babu | Akwai | Akwai, har matakin HTTP |
| Doka da sunan shafi | Babu | A na kuɗi | Kyauta |
| Tsohon kanel | Yana yi | Yana yi da iptables | Ba ya yi |
| Windows | Yana yi | Yana yi | Ba ya yi |
| Kallon zirga-zirga | tcpdump | Whisker, iptables | Hubble |
| Lokacin koyo | Yini | Makonni | Watanni |
| Babban tarko | Doka marar aiki | Rikicin adireshi da ambulan | Ƙarancin masu iya gyara |

Layin lokacin koyo kiyasina ne daga waɗanda na koyar, ga mutumin da ya riga ya san Linux.

In a girgije kake

Idan EKS, Kubernetes na girgijen Amazon, kake haya, ka fara da abin da Amazon ya ba ka. CNI ɗinsa yana ba fod adireshi daga cikin VPC, netwok ɗinka na cikin Amazon, kai tsaye, ba ambulan, kuma tun 2023 yana aiwatar da NetworkPolicy. Iyakarsa yawan fod ne: na'urar t3.medium, a tsarin asali, 17 kawai take ɗauka. A GKE ka kunna Dataplane V2, ka sami Cilium ba tare da ɗawainiyarsa ba.

Sai dai manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu ne, na Amazon a Cape Town tun 2020, na Google a Johannesburg tun 2024, kuma da yawanmu Turai muke haya. Duk wanda ke bakin aiki ranar 14 ga Maris, 2024 ya tuna yadda wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke lokaci guda. Saboda haka kada ka miƙe gungu ɗaya rabi a Akra rabi a Turai. Etcd, rumbun bayanan gungun, in mai na'ura uku ne, sai biyu sun ji juna yake karɓar rubutu. Gefen da ya rage shi kaɗai ba zai iya tayar da ko sabon fod ɗaya ba. Gungu biyu masu cin gashin kansu, a haɗa su daga sama, shi ne daidai, kuma a nan Cluster Mesh ke da rana.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗalibi a jami'ar KNUST ko ta Legon mai koyo a kan laftof, da mai ɗan gungu a shago ko asibiti ko makaranta da na'ura ɗaya zuwa uku masu ƙaramin ram: K3s da Flannel ɗinsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka dai gwada dokarka ka ga tana tarewa.

Wanda ya riga ya ɗora Flannel zalla, yau aka ce masa masu bincike na tafe: kada ya rushe komai. Ya ƙara Calico a matsayin mai doka kawai. In daga baya ya so komawa Calico gaba ɗaya, akwai tsararriyar hanyar ƙaura daga Flannel mai VXLAN, na'ura bayan na'ura.

Ƙungiya mai mutum biyu zuwa biyar, da sabobinta a cibiya, da injiniyan da ya fito daga netwok, ko mai na'urorin Windows a ciki, ko mai kanel ɗin da ba zai sabuntu da wuri ba: Calico. Ka sauya filin adireshi kafin girkawa, ka fara da VXLAN in ba ka da iko da suwic, ka koma BGP ranar da ka samu.

Wanda hidimominsa suka yi yawa har gano wa ke kiran wa ya zama aiki, ko yake buƙatar tsare fita da sunan shafi ba tare da biyan dala ba, ko zai haɗa gungun Akra da na waje: Cilium, da sharaɗin mutum biyu aƙalla su koye shi, ba ɗaya ba, kuma na'urorin su kasance da ram na rara.

Ƙanena su biyu ne a diyuti, ɗayan tsohon mai jan wayar netwok ne, sabobinsu kuma na kan Ubuntu 22.04. Na ce masa, "Ƙanena, ka sa Calico yanzu. Ka rufe komai da dokar hana-kowa, sannan ka buɗe ƙofa ɗaya-ɗaya. Fita zuwa MoMo kuma ka bi da ita ta na'ura guda mai tsayayyen adireshi." Na ce ya tayar da Cilium a kan kind, ɗan gungun gwaji, a laftof ɗinsa, shi da abokin aikinsa su riƙa lalata shi suna gyarawa duk Asabar, zuwa lokacin da za su buɗe gungu na biyu. Kuma kafin kuɗin kowa ya bi ta kan sabobin nan uku, ya je cibiyar da rana tsaka ya kashe su duka lokaci ɗaya, ya kunna, ya riƙe agogo ya ga minti nawa za a ɗauka kafin fod na farko ya sami adireshi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce zai yi ranar Lahadi, ya turo mini lambar.